Babi na Biyar: Ma'aunin Jarumta a Idon 'Yan Kallon Karkarar Sakkwato

Fina-finan faɗa da na kasada, wato waɗanda aka gina labarinsu a kan gumurzu da ɗaukar fansa, ko a kan tafiya mai haɗari don neman wani abu mai wuyar samu, suna cikin abubuwan da suka fi yawo a wayoyin samari a kudancin jihar Sakkwato, har a garuruwan karkara irin Fakku ta ƙaramar hukumar Kebbe da ƙauyukan da ke tsakaninta da Tambuwal, inda ginin sinima bai taɓa zama wani ɓangare na rayuwar jama'a ba. Wanda ya saurari musun da ake yi bayan an gama kallo, a majalisar mai shayi ko a rumfar mai cajin waya, zai iya ɗauka cewa hayaniya ce ta masu son duka da harbi kawai, alhali kuwa hukunci ne ake yankewa bisa ƙa'idojin da kowa a wurin ya sani ko da ba wanda ya taɓa rubuta su. Waɗannan ƙa'idoji sun girmi fim a ƙasar Hausa, domin daga filin dambe da dandalin tatsuniya da labaran mayaƙa aka gaje su, kuma su ne ke bayyana dalilin da ya sa wani fim da aka kashe masa dukiya mai yawa a Amurka yakan wuce ba a sake ambatonsa ba, yayin da wani na kudancin Indiya yakan shekara ana maimaita kallonsa.

Hanyar da fim ya bi

Hoto mai motsi ya fara isa karkarar Arewa ne ta hanyar majigi, wato motar gwamnatin mulkin mallaka da ke zagaya garuruwa da dare tana haska fina-finan tsabta da noma a filin ƙofar fada, amma fim na nishaɗi a birni ya fara, inda aka buɗe sinimar Rex a Kano a 1937. 'Yan kasuwa Kwarori, waɗanda harkar sinima ke hannunsu, sun riƙa kawo fina-finan kaboyi na Amurka, sannan na Indiya, daga baya kuma na Hong Kong da ake kira Cainis, waɗanda Bruce Lee ya ɗaga darajarsu da Enter the Dragon a 1973, shekarar da ya mutu. Da kaset ɗin bidiyo ya yawaita a shekarun 1980, kallo ya fita daga birni ya shiga gidan kallo na ƙauye, zauren da ke da talabijin ɗaya da janareto da bencina, kuma a nan ne Rambo na Sylvester Stallone (1982) da Commando na Arnold Schwarzenegger (1985) suka zama sunayen da ake laƙaba wa ƙarfafan samari. Faifan CD ya maye gurbin kaset, shi ma memori ya kore shi, har aka kai ga yau da mai tura fina-finai ke zaune da kwamfuta a kasuwar ƙauye yana cika wa mutum waya da kuɗi kaɗan.

Babban sauyin da ya biyo baya shi ne na harshe. A shekarun 2010 ɗakunan fassara na Kano, waɗanda Algaita ta fi shahara a cikinsu, suka fara ɗora muryoyin Hausa a kan fina-finan Indiya, musamman na harsunan Telugu da Tamil da Kannada na kudancin ƙasar, abin da ake kira Indiya-Hausa ko kuma fassara a taƙaice. Kafin wannan lokaci ɗan kallo yana bin labari ne da ido da hasashe, ko kuma ya dogara ga wanda ya riga shi kallo, amma tun da jarumi ya fara magana da Hausa, sai hukuncin ɗan kallo ya shiga cikin hujjar faɗan da ingancin zancen da aka yi kafin a kai naushi.

Ma'aunin da aka gada

Yankin Sakkwato da Kabi da Zamfara yana da tsohon tarihi wajen auna maza. Ruwayoyin baka suna nuna Muhammadu Kanta, wanda ya kafa daular Kabi a farkon ƙarni na 16 ya kuma gina Surame, a matsayin ƙaƙƙarfan da ya yi suna a fagen dambe kafin ya yi wa Askiya Muhammadu na Songhai tawaye. A ƙarni na 20 Ɗan Anace ya rayar da sunan ɗan dambe Shago da waƙa, Kassu Zurmi ya yi wa 'yan tauri da mafarauta, Gambu kuma ya yi wa ɓarayi, wanda hakan ke nuna cewa al'ummar ta daɗe da sanin yadda ake jin daɗin labarin mai ƙarfin hali ba tare da an amince da sana'arsa ba. A ɓangaren rubutu kuwa, gasar ƙagaggun labarai da Hukumar Fassara ta shirya a Zariya a 1933 ta haifar da Ganɗoki na Bello Kagara, labarin mayaƙin da ya gwabza da Turawa sannan ya faɗa ƙasashen aljannu, da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, wanda tafiyar kasada ce ta neman ruwan magani, kuma Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa ya biyo su a 1951.

Daga wannan gado abubuwa huɗu suka fito waɗanda ɗan kallo ke nema a jikin akto, kamar yadda ake kiran jarumin fim. Na farko shi ne dalili, domin dukan da ba a kan zalunci ko cin mutunci aka yi shi ba dabanci ne a wurinsa. Na biyu shi ne haƙuri, wato a ga an tura jarumi har tura ta kai bango kafin ya ɗaga hannu. Na uku shi ne nauyin bos, wato babban mugun fim, saboda a filin dambe ba a yi wa wanda ya kashe ƙaramin yaro kirari, kuma kisa a yaren 'yan dambe yana nufin kai abokin karawa ƙasa ne. Na huɗu shi ne baki, domin namijin da bai iya kirari da gugar zana da mayar da magana ba, jarumtarsa rabi ce. Laƙabin da 'yan kallon Kano suka raɗa wa taurarin Indiya tun da daɗewa, irin Sarkin Ƙarfi ga Dharmendra da Ɗan Daba Mai Lasin ga Sanjay Dutt, waɗanda masanin ɗabi'un al'umma Brian Larkin ya kawo a bincikensa kan kallon fim a Kano, shaida ce cewa tun farko an sanya baƙin jarumai a sahun da aka tanadar wa na gida.

Abin da aka kalla a shekarun nan

Idan aka ɗora fina-finan da suka yi tashe tun daga 2015 a kan wannan ma'auni, za a ga abin da ya ba na kudancin Indiya rinjaye. Baahubali na S. S. Rajamouli, wanda ya fito kashi biyu a 2015 da 2017, rikicin gadon sarauta ne tsakanin 'yan gida ɗaya a masarautar Mahishmati, kuma ginshiƙinsa shi ne Kattappa, bawan fada kuma mayaƙi, wanda rantsuwar biyayya ga gadon mulki ta tilasta masa kashe yariman da ya raina da hannunsa. Bahaushen da ya san abin da 'yan ubanci ke haifarwa a gidan sarauta, ya kuma san matsayin da bayin sarki masu sarauta irin Shamaki da Ɗanrimi da Sallama suka riƙe a fadar Kano, ba ya buƙatar a yi masa sharhin halin da Kattappa ya shiga, shi ya sa muhawarar da fim ɗin ke tayarwa takan karkata ga tambayar ko biyayya ga shugaba tana wanke mutum daga alhakin jini, tambayar da malaman fiƙihu suka daɗe da tattaunawa a kai.

K.G.F na Prashanth Neel (2018 da 2022) ya taɓa wani wuri dabam. Jaruminsa Rocky maraya ne da ya yi wa mahaifiyarsa alkawari tana gargarar mutuwa cewa ba zai mutu matalauci ba, ya girma cikin 'yan ta'adda na Bombay, sannan ya shiga mahaƙar zinariya inda ake bautar da leburori ya karya masu ita. Ga mutanen da ba su da nisa da Anka da Bukkuyum a Zamfara, inda gubar dalma daga haƙar zinariya ta kashe ɗaruruwan yara a 2010, inda kuma gwamnatin tarayya ta dakatar da haƙar ma'adinai a 2019 saboda alaƙarta da rashin tsaro, ramin zinariya da masu bindiga ke gadi ba abin almara ba ne. Sai dai a nan ra'ayi yakan rabu biyu, domin masu yabon Rocky suna kafa hujja da cika alkawarin uwa da 'yantar da raunana, masu sukarsa kuwa suna lura da cewa ya kawar da azzalumi ne ya hau kujerarsa. Irin wannan saɓani ne ke bin Pushpa (2021 da 2024), labarin leburan da ya zama uban masu fasa-ƙwaurin jan icen sandal, wanda babban baƙin cikinsa shi ne gorin asali da 'yan uwansa na uba ke yi masa suna hana shi amsa sunan mahaifinsa. Gori a kan asali abu ne da zuciyar Bahaushe ke jin zafinsa nan take, saboda haka ake tausaya wa Pushpa, amma dattawa ba su cika yafe wa fim ɗin yadda ya mai da ɗan sumoga abin koyi ba. RRR (2022), wanda ya ƙaga abota tsakanin mutum biyu na tarihi da suka yi tawaye a zamanin mulkin Turawan Ingila, Alluri Sitarama Raju da Komaram Bheem, ya fi su samun karɓuwa ba tare da ja ba, domin abokin gabarsa ɗan mulkin mallaka ne, kuma amana tsakanin aminai ce zuciyar labarin.

Fina-finan Amurka na wannan zamani sukan ci jarrabawar ƙwarewa su faɗi ta dalili. Babu mai musun cewa faɗan da Keanu Reeves ke yi a jerin John Wick, wanda kashi na huɗu ya fito a 2023, an tsara shi da gwaninta, amma tushen labarin tun a 2014 shi ne an kashe masa ɗan kwikwiyon da matarsa marigayiya ta bar masa, an kuma sace motarsa, kuma da wuya a shawo kan manomi ko makiyayi ya yarda cewa wannan ya isa a zubar da jinin mutane masu yawa haka. Ƙari a kan haka, jarumin mutum ne mai ƙarancin magana, ba shi da uwa da zai nemi albarkarta, ba shi da unguwar da zai kare, ba shi kuma da kirari, don haka mai fassara ba ya samun abin da zai yi ado da shi. Jarumin Telugu kuwa yakan tsaya gaban rundunar maƙiya ya yi jawabi mai tsawo kafin ya taɓa kowa, kuma wannan gurbi ne masu fassara ke cikawa da karin magana da habaici da barkwancin zamani, har wasu jimlolinsu su fita daga fim su shiga bakin samari a kasuwa da filin ƙwallo.

Iyakar ƙarya

Kalmar da ta fi yawan fitowa a musun 'yan kallo ita ce ƙarya, amma ba duk abin da ya saɓa wa hankali ake kira da wannan suna ba. Wanda ya tashi yana ganin ɗan tauri na goga wuƙa a cikinsa ba ta kama ba, yana kuma jin labarin layar zana da baduhu, ba ya ƙin jarumin da ƙarfe ba ya cinsa, muddin labarin ya nuna masa inda ƙarfin ya fito, ko gado ne, ko horo, ko addu'ar uwa. Wannan ne ya sa fina-finan Cainis irin Drunken Master na Jackie Chan (1978) da Shaolin Temple na Jet Li (1982) ba su tsufa ba, domin suna ɓata lokaci wajen nuna almajiri yana ɗibar ruwa yana shan wuya a hannun malami kafin ya ƙware, tsarin da duk wanda ya san makarantar allo zai gane. Abin da ake ƙi shi ne ƙaryar da ba ta da tushe a cikin labarin kansa, kamar motar da aka harba sararin samaniya a kashi na tara na Fast and Furious (2021), wadda ta mayar da jerin abin dariya a wurin mutane da yawa. Yawaitar dabarun kwamfuta ya kuma ƙara wa aikin jiki na gaske daraja, shi ya sa labarin cewa Tom Cruise da kansa ya tuƙa babur ya faɗa daga kan dutse a ƙasar Norway don fim ɗin Mission: Impossible na 2023 yakan zama hujja a bakin masu kare fina-finan Amurka.

Wane ne bos, kuma tarihin wa ake bayarwa

Ɗan kallo Musulmi ya daɗe da lura da fuskar da ake ba mugu. A Rambo III (1988) mujahidan Afghanistan aminan jarumi ne saboda a lokacin Tarayyar Sobiyet ce abokiyar gaba, amma bayan 'yan shekaru, a fina-finai irin True Lies (1994), Balarabe ya koma ɗan ta'adda, kuma Tears of the Sun (2003) ya ƙaga juyin mulki a Nijeriya inda ya nuna sojojin Fulani Musulmi a matsayin masu kisan ƙare dangi. Wannan ne ya sa Lion of the Desert (1981) na Moustapha Akkad, tarihin Umar Mukhtar wanda ya yaƙi Italiya a Libiya har aka rataye shi a 1931, yake da matsayi na musamman har yau, haka kuma jerin Ertugrul na Turkiyya (2014 zuwa 2019) ya samu masoya saboda ya haɗa takobi da doki da salla a jikin jarumi ɗaya. Fina-finan Indiya ma ba su tsira daga wannan bincike ba, domin wuraren bautar gumaka da rawar da ke bayyana jiki su ne manyan abubuwan da malamai da iyaye ke kafa hujja da su wajen sukar fassara.

Binciken yakan fi tsanani idan tarihin na gida ne. Fim ɗin Amina na Izu Ojukwu, wanda Netflix ta saki a 2021, ya sha suka daga Hausawa a kan harshe da sutura da yadda aka siffanta fadar Zazzau, duk da cewa ya samu 'yan kallo a wasu wurare, kamar yadda The Woman King (2022) ya sha suka a kan sassauta rawar da Dahomey ta taka a cinikin bayi. Akasin haka, Sarraounia na Med Hondo (1986), wanda aka ɗauko daga littafin Abdoulaye Mamani a kan sarauniyar Lugu da ta tari rundunar Faransa ta Voulet da Chanoine a 1899, ya lashe babbar kyautar bikin FESPACO na Wagadugu a 1987, ko da yake kaɗan ne daga samarin yau suka san da shi, alhali Lugu tana ƙasar Arewa ta Dogonduci a Nijar, a tsallaken iyaka kawai. Mai Martaba (2024) na Prince Daniel Aboki, wanda aka ɗauka a Daura da harshen Hausa aka kuma zaɓe shi ya wakilci Nijeriya a gasar Oscar, ya nuna cewa ana iya yin fim ɗin sarauta da yaƙi a gida.

Bindigar allo da bindigar daji

Fargabar cewa fim na koya wa yara ta'asa ba sabuwa ba ce, domin tun a 1966 Moustapha Alassane na Nijar ya yi Le Retour d'un aventurier, labarin saurayin da ya dawo daga Amurka da kayan kaboyi ya raba wa abokansa, suka hau dawaki suka addabi ƙauyensu. Abin da ya sauya shi ne cewa a yau bindigar ta fito daga allo, tun da hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane suka bazu daga Zamfara zuwa sassan Sakkwato da Kabi, har aka kai ga rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Sakkwato a watan Satumba na 2021. Masu ɗora wa fim laifi suna nuni da yadda samari ke kwaikwayon tafiya da aski da taƙamar jaruman da ke rayuwa a wajen doka. Masu kare shi kuwa suna cewa tushen rikicin yana ga ƙasar noma da burtali da makiyaya, da rashin adalci a wurin shari'a, da talauci, da kwararar makamai, kuma wannan hujja ta fi ƙarfi idan ana maganar sanadi, ko da yake ba ta kore tasirin fim a kan salo da harshe ba.

Akwai wani tasiri da ya fi waɗannan zurfi, wanda ya shafi yadda ake tunanin mafita. Da yawa daga cikin fina-finan da aka ambata suna koyar da cewa ɗan sanda ya saida kansa, alƙali ya ci hanci, kuma ceto zai zo ne daga namiji ɗaya da ya ɗauki doka a hannunsa, saƙon da ke samun kunnen saurare a wurin da jami'an tsaro ke isowa bayan an gama ɓarna. Amma tarihin 'yan sa-kai a Zamfara, inda ramuwa ta haifi ramuwa har rikicin ya ɗauki launin ƙabilanci, ya nuna cewa fansa a zahiri ba ta ƙarewa da mutuwar bos kamar yadda take ƙarewa a allo, kuma 'yan kallon da suka binne 'yan uwansu sun fi kowa sanin haka, abin da ya sa tambayar da suke yi wa jarumi ta ƙara tsauri, wato wa ya kare, wa kuma ya bari a hannun maƙiya bayan ya tafi.

Darasin da ke cikin wannan duka ya fi shafar masu shirya fina-finan Hausa. Tun daga Turmin Danya na 1990 masana'antar Kano ta fi zuba ƙarfinta a kan soyayya da rikicin gidan aure, saboda fim ɗin yaƙi yana cin dawaki da sutura da ɗaruruwan mutane da ƙwararrun masu tsara faɗa, ga kuma taka-tsantsan da ake yi da tarihin gidajen sarauta da na malamai waɗanda zuriyarsu ke raye. Duk da haka kayan aikin suna nan jibge, daga tawayen Kanta, zuwa Tabkin Kwatto a 1804 da Alwasa a 1805 da faɗuwar Alƙalawa a 1808, zuwa tsayuwar Giginya da hijirar Sarkin Musulmi Attahiru zuwa Burmi a 1903, da abin da ya faru a Satiru a 1906. Karɓuwar fassara ta tabbatar da cewa akwai kasuwa a karkara ga labarin jarumta da ke magana da Hausa, kuma 'yan kallon da suka iya bambance jarumi da ɗan daba a fim ɗin Telugu za su fi tsananta hukunci ga duk wanda ya taɓa tarihin kakanninsu, don haka mai son shiga wannan fage sai ya fara da bincike da ingantaccen rubutu kafin ya nemi kyamara da dawaki.